Faranti Mai Giɓi

A Otal Duinkroon, wanda ke tsaye a bakin teku da fararen ginshiƙansa tun zamanin da ake zuwa shan iska a keken doki, akwai doka ɗaya da ko sabon mai wanke-wanke ya sani. Farantin da bakinsa ya yi giɓi, ko da giɓin bai fi ƙwayar gero ba, ba ya hawa teburin baƙi. Aleida, mai otal ɗin, ita ce ta kafa dokar. Shekara da shekaru, kowace safiya, takan bi tangaran ɗin gidan ɗaya bayan ɗaya tana zagaya bakinsu da babban yatsa. Wanda ta ji ya karce ta sai ta tura shi baya, inda ma'aikata ke cin abincinsu.

A irin wannan farantin ake kai mata abinci yanzu.

Da hunturu ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ita a gaban murhu. Ta tashi, amma ba duka ba. Hannun hagu ya ƙi tashi, ƙafar hagu sai an ja ta, baki ya karkace, yawu yana zubowa ta gefe ba tare da neman izini ba. Da aka sallamo ta daga asibiti, ɗanta Rutger bai mayar da ita ɗakinta mai kallon teku ba. Can ƙololuwar bene ya kai ta, ta bayan ginin, inda ake ajiye karyayyun kujeru a da.

"Na ɗan lokaci ne, Mama," in ji shi. "Ɗakinki fenti yake so."

Fenti ya bushe. Aka sa wasu amarya da ango daga birni a ciki, bayan sun tafi aka sa wasu.

Tagar sabon ɗakin bolar kicin take kallo, da bangon ɗakin wanki. Teku yana nan kusa, tana jin numfashinsa, amma ba ta ganinsa. Sai dai akwai wani abin mamaki a ɗakin. Da la'asar, in rana ta kwanta a kan ruwa, hasken yakan bugi tagar wani gida da ke tsallaken lungu, ya karyo, ya shigo ya manne a rufin ɗakinta, ɗan fili da bai fi faɗin tire ba, yana rawa yana kaɗawa. Wannan shi ne tekunta. Takan kwanta ta zuba masa ido har ya mutu.

Kayanta suka fara barin ɗakin ɗaya-ɗaya, kowanne da dalilinsa mai kyau. Sanda ce ta fara tafiya.

"Ina sandata?" ta tambayi Liselot, matar Rutger, doguwa mai ƙamshin turare da murya mai taushi kamar man shanun da aka bari kusa da wuta.

"Na adana miki, Mama. Matakalar nan ba ta da kirki. In kika faɗo, me za mu ce wa duniya?"

"Ku ce na faɗo."

"Kai, Mama! Ke dai ba kya rabuwa da ban dariya."

Bayan sanda sai takalma, don ƙafarta ta sha iska. Sai riguna, aka kai wanki ba su dawo ba, aka bar mata rigar barci. Daga ƙarshe sai haƙoranta na roba.

"Kada ki haɗiye su cikin barci," in ji Liselot, tana naɗe su a hankici.

"Tun kina rarrafe nake barci da su a kofi. Kofin ne zai haɗiye su?"

"Ban gane me kika ce ba, Mama."

Gaskiya maganar Aleida a karkace take fitowa, kamar an tauna ta kafin a furta. Amma wanda ya so ji yana ji. Liselot tana jin "na gode" sarai, sauran ne kunnenta ba ya kamawa.

Tunda babu haƙora, sai abinci ya koma dankali da karas da aka dama wuri ɗaya, rana da yamma, a kan faranti mai giɓi. A ƙasa kuwa ana soya kifi a man shanu da lemon tsami yadda ita ta koya wa gidan, ana dafa ƙaguwa da jatan lande, ƙamshin yana hawowa ta matakala ya zauna a bakin gadonta kamar baƙon da ba ya magana.

Rutger yakan leƙo jefi-jefi, cikin baƙar kwat, ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ke tsoron ƙura ta hau shi.

"Ka sauko da ni," ta ce masa wata rana. "Teburina na lungu, kusa da taga. Sau ɗaya, da rana. Ba zan yi wa kowa magana ba."

Ya yi ajiyar zuciya. "Mama, ke ma kin san sana'ar nan. Mutanen nan daga nesa suke zuwa don su manta akwai ciwo, akwai tsufa. Mutum yana cin abinci mai tsada, ya ɗaga kai ya ga... Ai ke kika koya mini. Abin da ya yi giɓi ba ya hawa tebur."

"Faranti na ce, Rutger."

"Na sani."

"To faranti ne ya haife ka?"

Ya dubi agogonsa. "Ana jirana a ƙasa. Ki huta."

Tsohon gini ba ya rasa abin al'ajabi. Bututun ƙarfen da ke ɗumama ɗakuna ya taso ne daga ɗakin cin abinci, ya ratsa bene bayan bene, ya ƙare a gefen gadon Aleida. In ta ɗora kunne a kansa takan ji ƙarar cokula da kiɗan piyano can nesa, kamar daga ƙarƙashin ruwa. Muryoyin da ta fi ji kuwa su ne na teburin da ke jikin bututun, wato teburinta na lungu, wanda babban hotonta ke rataye a samansa.

Da bazara ta shigo, wata rana ta ji muryar da ta sani. Alƙali Boudewijn ne, tsohon alƙali mai ritaya, wanda ba ya fashin zuwa kowace shekara, kuma bai taɓa cin komai ba sai kifin nan na man shanu. Yana magana ne da Teunis, shugaban masu sabis, wato masu kai wa baƙi abinci, wanda ya tsufa a gidan.

"Allah ya ba ta hutawa, Teunis. Mace ce mai baki kamar barkono, amma ba za a sake irinta ba. A wace maƙabarta take? Ina so in kai mata fure."

Sai muryar Teunis, ƙasa-ƙasa: "Wannan kam iyalin ne suka sani, ranka ya daɗe. In ƙaro maka ruwan inabi?"

Aleida ta janye kunnenta. Ta ɗauki cokali ta hau dukan bututun, tana duka, tana duka, har sai da ƙarar ta dami masu cin abinci, aka turo Teunis ya ga abin da ya lalace. Ya iso yana haki, yana dafe da gwiwa.

"Teunis, yaushe na mutu?"

"Madam..."

"Tambaya nake. Don ba a gayyace ni jana'izar ba."

Ya sunkuyar da kai, ya faɗa mata. Liselot ce ta ajiye fure da kyandir a ƙarƙashin hoton. Baƙi suka fara rage murya in sun zo wurin, wasu su cire hula. Ba wanda ya ce musu ta mutu, ba kuma wanda ya gyara musu. Kifin man shanu aka sa masa sunanta, kowa shi yake nema, mata har da share hawaye.

"Kai kuma ina bakinka yake?"

"Madam, saura ƙiris in ajiye aiki. Gwiwoyin nan sun ƙare. In aka kore ni yau, wa zai ɗauki tsoho irina?"

"Na ɗauke ka aiki kana zubar da miya a wuyan mutane."

"Haka ne, Madam."

"Tafi. Abincin alƙali zai huce."

Rutger ya hau da kansa da la'asar, daidai lokacin da ɗan hasken nan ke rawa a rufi.

"Ba wanda ya ce kin mutu, Mama. Fure ne kawai. Laifi ne ɗa ya sa wa hoton uwarsa fure? Abin da mutum ya ɗauka a ransa, ruwansa."

"Da kyandir."

"Liselot tana son kyandir." Ya gyara wuyan kwat. "Dama akwai maganar da nake son yi miki. Mun samo miki wuri mai kyau, gidan kula da tsofaffi, can cikin ƙasa. Ga itatuwa, ga masu jinya, ga abokan hira. Kashegarin bikin kifin haring mota za ta zo."

"Akwai teku?"

"Akwai kududdufi. Da agwagi."

Ta dube shi da idon da ke buɗewa sosai. Shi kuwa ya ɗauka ta yarda, har ya sumbaci goshinta, ya goge bakinsa a matakala.

Tun daga ranar Aleida ta sami aikin yi. Da tsakar rana, lokacin da duk gidan ke guje-guje da tire, takan ja jiki zuwa matakalar ma'aikata, ta zauna a kan ta farko, ta miƙa ƙafar dama, ta sauke ɗuwawu zuwa ta gaba. Sauka ba wuya. Komawa ce azaba, da hannu ɗaya, da baya-baya, tana jan matacciyar ƙafa kamar buhu. Cinyoyinta suka yi baƙi-baƙi da kurji. Liselot ta gani wajen canja zanen gado.

"Kin gani ko, Mama? A kan gado ma kina jin ciwo, bare a ce an bar miki sanda."

"Gaskiyarki, 'yata," in ji Aleida. Wannan kam Liselot ta ji.

Ranar biki ta zo. Kowa a garin ya san ranar. In gangar farko ta sabon haring ta iso, ɗan kifin nan da ake ci ɗanye da gishiri da albasa, sai a rataya tutoci daga bakin tashar jiragen ruwa har kan titi. A Duinkroon kuwa ba mai taɓa ko ɗaya sai mai gidan ya ci na farko a gaban baƙi. Zai kama shi ta wutsiya, ya birkiɗa shi a yankakkiyar albasa, ya ɗaga kai sama, ya sauke shi cikin baki, sa'an nan ya ce, "Ya yi." Tun rasuwar mijinta Aleida ke yi. Bana Rutger ne zai yi, har ya sa an goge masa takalmi tun jiya.

Da ta ji piyano ya fara, sai ta share dankalin da ke farantinta da gefen zanen gado, ta ɗora farantin a cinya, ta kama hanya. Mataki, ta huta. Mataki, ta huta. A wani bene ta tarar da kwandon wankakkun mayafan tebur, ta zaro ɗaya fari tas, ta yafa a kan rigar barcin. A ƙasan matakala akwai tsintsiya mai dogon mariƙi, ta kifa ta ta zama sanda. Farantin ta cusa a ƙirji, cikin mayafi.

Ta shiga kicin. Kuku ya tsaya da ludayi a sama, miya tana ɗiga a takalminsa. Sababbin ma'aikata ba su ma san ko wace ce ba. Ta ratsa su a hankali, ƙafa ba takalmi, tana jan hagu. A bakin ƙofar da ke shiga ɗakin cin abinci Teunis ne tsaye da tire cike da kofuna.

"Madam, don girman Allah..."

"Ban ce ka riƙe ni ba. Ban ce ka yi magana ba. Ƙafarka kawai nake so."

Masu sabis da ƙafa suke tura wannan ƙofar, tunda hannu a cike yake. Teunis ya dubi kofunan, ya dube ta. Sai ya ɗaga ƙafa ya tura.

Abin da ta fara gani ba mutane ba ne. Teku ne, gaba ɗayansa, ya cika manyan tagogin nan daga wannan bango zuwa wancan, yana walƙiya har ido ya yi ƙwalla. Ta tsaya ta sha shi kamar ruwa. Sai daga baya ta ga fitilun ƙarau da madubai da fararen tebura, da Rutger tsaye kusa da ganga, riƙe da kifi ta wutsiya, yana jawabi.

"A bana, da mahaifiyata ba ta tare da mu a wannan ɗaki..."

Wata mata ta waiwaya, ta ga tsohuwa cikin farin mayafi mai fuskar hoton da ke bango, ta ƙwala ihu. Mai piyano ya daina. Alƙali Boudewijn ya miƙe, cokalinsa ya faɗi.

"Aleida! Ke ce, ko idona ne?"

"Rufe bakinka, Alƙali, ƙuda zai shiga. Furen da za ka kai mini kabari, ka ba ni a hannu."

Kafin ta kai teburinta Rutger ya sha gabanta, kifin na lilo a hannunsa, murmushi a fuska, murya can ƙasa. "Mama, don Allah. Ba a nan ba. Mu koma sama, za mu yi magana."

Liselot kuma ta juya ga baƙi tana tafa hannu a hankali. "Ku yi haƙuri, jama'a. Mama ba ta da lafiya, kanta yakan ɗan rikice."

"Kaina ya rikice," in ji Aleida da ƙarfi, kalmomin suna fitowa a karkace amma kowa ya ji. "Shi ya sa na manta na mutu."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta. Ta kewaye ɗanta, ta faɗa kan kujerarta, ta hure kyandirin, ta ture furen gefe. Sa'an nan ta zaro farantin daga ƙirji ta ajiye a kan farin mayafin tebur, tsakanin cokulan azurfa, giɓin yana kallon jama'a.

"Sa mini a nan."

Rutger bai motsa ba.

"Alƙali, kai ka daɗe kana cin abincin gidan nan. Wa ke cin na farko?"

"Mai gidan," in ji tsohon, idonsa a kan Rutger. "In dai tana da rai. Kuma ga alama tana da shi."

Ɗakin duka ya zuba wa hannun Rutger ido. Shi mutum ne da aka yi wa tarbiyya a kan abu ɗaya: kada baƙo ya ga abin da ba shi da kyau. A yanzu kuwa ba abin da ya kai ja-in-ja da tsohuwa muni. Ya sunkuya kamar mai sabis, ya ajiye kifin a faranti mai giɓi.

To ga wani abu da bai taɓa zuwa ransa ba. Cin sabon haring ba ya son hannu biyu, ɗaya ya isa. Ba ya son haƙori, don namansa narkewa yake a harshe. Kuma kai sama ake ɗagawa, yawu ba shi da hanyar zubowa. Aleida ta kama wutsiya da hannun dama, ta birkiɗa shi a albasa, ta ɗaga kai, ta sauke shi. Duk ɗakin ba wanda ya isa ya yi shi da tsabta fiye da haka. Ta ajiye wutsiyar a bakin farantin, ta lumshe ido.

"Ya yi," ta ce.

Aka fara tafi, sai ta ɗaga hannu.

"Kafin ku ci. Duk watannin nan ina samanku, a ɗakin da ke kallon bola. Sandata, da takalmana, da haƙorana suna wajen surukata, tana adana mini. Gobe mota za ta zo ta kai ni kallon agwagi. Ku ci abincinku, kada ya huce."

"Ƙarfe nawa motar za ta zo?" in ji alƙali. "Ina so in fito da kujera bakin ƙofa. Na daɗe ban ga yadda ake ɗaukar mai gida daga gidanta ba."

Motar ta zo, ta tarar da alƙali da rabin baƙin otal suna shan kofi a bakin ƙofa, ta koma ba kowa. A wannan makon aka gano cewa fentin ɗaki mai kallon teku ya bushe. Haƙora suka fito daga hankici. Rutger ya riƙa gaya wa kowa cewa rashin fahimta ne, su dai sun so ta huta. Ba a hukunta kowa ba, don ba dokar da ta hana ajiye fure a ƙarƙashin hoto, ko adana wa tsohuwa sandarta.

Ya kawo mata faranti mafi kyau a gidan, mai zaren zinariya a baki. Ta tura masa abinsa.

Kullum da rana tana nan a teburin lungu, tana ci a mai giɓin. Yawu yana zuba, tana gogewa, ba ta ɓoye fuska. Kowane sabon baƙo sai ya tambaya me ya sa a gida irin wannan ake ba tsohuwa fasasshen faranti, ita kuwa sai ta ce ya jawo kujera. Tana ba da labarin tun daga fenti har agwagi, ba ta rage ko kyandir, Rutger yana wucewa da murmushin da ya ƙage a fuska. Liselot ta yi ƙoƙarin sa farantin ya ɓata a wanke-wanke, saboda haka Aleida da kanta take wanke shi, da hannu ɗaya, ta kwana da shi ƙarƙashin matashi.

Manyan gidajen da ke jere a gaɓar nan duk fuskarsu teku take kallo, kuma duk suna da kyau. Wanda ya zo shan iska ba ya bi ta lungun baya. Da zai bi, ya ɗaga kai, zai ga kowannensu yana da 'yar taga a can sama, wasu da labule a rufe da rana tsaka. Ba kowace mai ciki ce ke da bututun da zai kawo mata labarin mutuwarta ba, ba kuma kowacce ke da ƙarfin saukowa da ɗuwawu ba.

Aleida kam ta sauko. In ta gama ci, takan zagaya bakin farantin da babban yatsa kamar da. In yatsan ya iso giɓin sai ya tsaya a ciki, ita kuwa ta ɗaga kai ta nemi ɗanta da ido, har sai ya dube ta.